Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai: Ina muka baro 'yan ajinmu na Sharaɗa, Challawa da Bompai?

A wata Juma'a cikin damunar 2023, bayan an idar da salla, wani dattijo ya tare ni a bakin masallaci, ya kira ni da wani laƙabi wanda rabona da jin sa tun ina ɗan sakandare. Sai da na ƙura masa ido sannan na gane shi. Kawun abokina ne, wanda muka yi shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya a makarantar kwana, shi a gadon sama, ni a na ƙasa, kuma a gidan wannan kawun nakan yi wani ɓangare na hutuna. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina mutumin nawa? Ya ɓuya." Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, ashe ba ku ji ba? Ai yau wata huɗu ke nan da muka kai shi makwancinsa."

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya shi ne lissafin waɗannan watanni huɗu. Muna da ƙungiyar 'yan ajinmu, mai shugaba da sakatare da ma'aji. Muna da zaure a WhatsApp inda ba a kwana ba a gaisa ba. A cikin watannin nan mun taya wani murnar naɗi, mun taya wani murnar zama farfesa, mun kuma yi ta kai-komo a kan ɗakin taron da za mu kama domin bikin cikarmu shekara 25 da kammala makaranta. Gidan da aka yi zaman makoki yana Ja'en, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga inda nake koyarwa. Babu ko mutum ɗaya daga cikinmu da ya bi gawarsa, domin babu wanda ya sani.

Zan sakaya sunansa da sunan makarantarmu, saboda labarin bai tsaya a kanmu kaɗai ba. Duk wanda ya yi makarantar gwamnati a Kano, idan ya lalubo hoton ajinsu ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, zai tarar da irinsa.

Al'adar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta daɗe a ƙasar nan, kuma ta yi rana. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna sannan Zariya, tsofaffin ɗalibanta sun fara haɗa kansu tun ƙarshen shekarun 1930. A nan Kano akwai RUMFOBA ta Kwalejin Rumfa, makarantar da ta faro a matsayin Midil ta Kano a 1927, wadda marigayi Sarki Ado Bayero da Janar Murtala Muhammad da Janar Sani Abacha duk suka ratsa. Akwai KASSOSA ta makarantun kimiyya, waɗanda aka soma da na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun gyara azuzuwa, sun haƙa rijiyoyin burtsatse, sun saya wa ɗalibai littattafai a lokutan da hukuma ta gaza. Ba na raina ko ɗaya daga cikin wannan. Sai dai mai karatu ya lura da abin da ni kaina na yi yanzun nan: da na tashi gabatar da Rumfa, sarki da shugabannin ƙasa na ambata. Haka muka saba auna makaranta, da manyan da ta yaye. Daga nan ne muka koyi auna zumuncin ma da ma'auni guda, har ya zama wanda ba shi da labarin da za a yi masa tafi ba shi da gurbi a cikin labaran ƙungiya.

Mun kammala a 1998. Muna tsakiyar jarabawar ƙarshe ne aka sanar da rasuwar Janar Abacha. Abokina ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Shi ne yake zaunar da ni bayan firef, da fitilar ƙwai, yana warware mini abin da malami ya bari a dunƙule. Mahaifinsa ya rasu muna aji biyar, ya bar masa ƙanne. Da sakamako ya fito, ni na nufi jami'a, shi kuwa kawunsa ya samo masa aiki a wata masaƙa a Bompai. A lokacin babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin faɗuwa. Aikin kamfani aiki ne mai albashi da katin asibiti, kuma ya yi niyyar ya tara abin da zai koma karatu da shi.

Wanda bai san Kano ta wancan zamani ba zai yi wuya ya gane girman waɗannan unguwanni uku. Bompai ita ce babba. Kusancinta da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911, ya sa tun zamanin Turawa aka kafa injinan matsar man gyaɗa da na sabulu da turare da alewa a can. Sharaɗa mai rukuni uku, da Challawa da ke gefen kogin da ta ci sunansa ta wajen Panshekara, sun bunƙasa daga baya, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na lemon kwalba suka cika su. Da asuba za ka ga kekuna jere suna kwararowa daga Dakata da Gama da Tudun Wada zuwa Bompai, daga Ja'en da Tukuntawa zuwa Sharaɗa, daga Zawaciki da Kumbotso zuwa Challawa. Jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwa. Masu abinci da masu shayi da masu facin taya duk a bakin ƙofofin nan suke ci.

Akwai wani amfani na waɗannan kamfanoni da masana tattalin arziki ba sa lissafawa, wato kasancewarsu adireshi. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, idan kana neman mutum, wurin aikinsa kake zuwa. Wasiƙu biyun da na aika wa abokina ina jami'a, ta akwatin gidan waya na masaƙar suka bi. Idan na zo hutu nakan tsaya a bakin ƙofa in gaya wa maigadi sunansa da sashensa, in jira a tashi. Ma'aikacin da ke zaman haya yakan sauya gida sau uku cikin shekara biyar, amma ƙofar kamfani tana nan inda take.

To ita wannan ƙofa ce aka rufe. Ciwon ya fara tun kafin mu gama makaranta. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da aka ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, janareto da baƙin mai suka cinye riba. Atamfa da shadda na waje suka riƙa shigowa, ta halal da ta fasa-ƙwauri, kuma daga 2005, da aka janye ƙa'idojin da suka taƙaita cinikin tufafi a duniya, kayan Sin suka mamaye Kantin Kwari. Abin da ya faru a Kaduna, inda masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL kuma a 2007, shi ne ya faru da masaƙun Kano ɗaya bayan ɗaya. Wasu gine-ginen sun koma sito na ajiye kayan da aka shigo da su, wasu ciyawa ta rufe su. Gaskiya ne unguwannin ba su mutu ba: majemu da kamfanonin roba suna aiki, injinan gyaran shinkafa sun ƙaru a shekarun baya-bayan nan. Amma yawancin aikin da ya rage na wucin-gadi ne, a ɗauke ka yau ta hannun ɗan kwangila, a sallame ka idan oda ta ƙare. Irin wannan aiki ba ya zama adireshi.

Daga bakin kawunsa na haɗa sauran tarihin abokina. Bayan an rufe masaƙar ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa na sallama, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Ya yi leburanci a wata majema a Challawa, yana jan fatu daga cikin ruwan magani. Ya koma acaɓa, har aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a farkon 2013. Ya karɓi A Daidaita Sahu na wani yana biyan balas. A ƙarshe ya samu aikin dare a wani kamfanin roba a Sharaɗa, yana nan har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya bar mata da 'ya'ya biyar.

A cikin wannan doguwar tafiya mun haɗu sau ɗaya, kuma a nan ne nawa laifin yake. Wajen 2016 motata ta lalace a kan titin Sharaɗa, na tsayar da A Daidaita Sahu. Sai da muka yi nisa na gane ƙeyar direban. Na kira sunansa da murna. Ya waiwayo, ya yi murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, Dokta." Mutumin da ya san adadin facin da ke jikin wandona na makaranta, wanda muka sha kwaɗa garin rogo da ƙuli a kwano ɗaya, shi ne yake ce mini ranka ya daɗe. Ya ƙi karɓar kuɗin mota. Na karɓi lambarsa, na ce lallai zan sa a saka shi cikin zauren 'yan ajinmu. Ya ce wayar tasa ƙarama ce, ba ta yin wannan. Na ce to zan kira. Ban kira ba. Da na duba bayan rasuwarsa, lambar tana nan a wayata yadda na adana ta shekara bakwai da suka wuce.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ƙungiyoyinmu suke zubar da irin waɗannan mutane ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Na farko shi ne yadda ake tara sunaye. Ba daga rajistar makaranta ake farawa ba, daga wayar wanda ya kafa ƙungiya ake farawa: ya kira wanda ya sani, wannan ma ya kira wanda ya sani. Ma'aikacin gwamnati ya san ma'aikacin gwamnati, ɗan kasuwa ya san ɗan kasuwa. Wanda ke tsaye a gaban inji daga magariba zuwa asuba ba ya cikin wayar kowa. Na biyu shi ne kuɗin wata da na anko da na taro, waɗanda ga mai albashin jami'a ba su da nauyi, amma ga wanda ake biya a kullum abincin gidansa ne na kwanaki. Na uku shi ne wuri da lokaci. Taron da aka sa a ɗakin taro na otal ranar Asabar da dare, ga motoci jere a waje, ya riga ya sanar da wanda zai zo da wanda ba zai zo ba. Na huɗu kuwa, wanda ya fi sauran zurfi, ita ce kunya. Bahaushe ya gwammace ya ɓace da a gan shi cikin rashi a gaban sa'anninsa. Idan ya ga labaran da ke yawo duk na ƙarin girma ne da tafiya Umara da auren 'ya'ya a manyan ɗakuna, shi da kansa zai janye, mu kuma mu ce ba ya son zumunci.

Na san za a ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba hukumar jin-ƙai ba ce, kuma akwai waɗanda da zarar an neme su sai su mayar da zumunci roƙo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai kuma wanda ya zaɓi ya yi nesa, kuma haƙƙinsa ne a ƙyale shi. Amma abin da nake magana a kai ya riga maganar kuɗi. Abokina bai taɓa roƙon kowa ba, kuɗin motarsa ma ƙin karɓa ya yi. Abin da ya rasa a wurinmu shi ne a san yana raye, a duba shi da ya kwanta, a tsaya a sahun sallarsa, a je wa iyalinsa gaisuwa. Waɗannan haƙƙoƙi ne da addininmu da al'adarmu suka ɗora wa maƙwabci ma, balle wanda aka yi shekara shida ana cin gabza tare. Kuma mu da muke ƙorafin roƙo, ba mu cika ƙorafi ba idan ɗan ajinmu mai neman kujera ya mayar da ƙungiyar dandalin kamfe.

Bayan bikin cikarmu shekara 25, mu huɗu muka ɗauki wani aiki. Muka je makarantar, muka roƙi shugabanta ya ba mu rajistar shekararmu. An same ta a cikin wani kabad, gara ta ci gefenta, amma sunayen suna karantuwa. Da muka gwada ta da jerin sunayen ƙungiya, waɗanda muke da su ba su kai rabi ba. Muka raba sauran a tsakaninmu bisa unguwannin da aka rubuta a gaban kowane suna. Mun bi ta hannun masu unguwanni da limamai da tsofaffin masu shayi na bakin kamfanoni, waɗanda suka fi kowace rajista sanin inda ma'aikatan da suka koma. Wani tsohon maigadi a Bompai, da muka karanta masa sunaye, ya tsayar da mu a kan guda uku, ya ce, "Yallaɓai, wannan yana Dakata yana gyaran janareto, wannan ya koma ƙauyensu, wannan kuwa Allah Ya yi masa rasuwa tun shekarar korona." Mun samu da dama. Mun kuma tarar cewa waɗanda suka rasu ba mu sani ba sun fi waɗanda muka yi wa ta'aziyya yawa.

Darasin da na ɗauka shi ne cewa dukiyar farko ta kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ita ce cikakkiyar rajista, kuma wannan ba sabon tunani ba ne a duniya. A Jami'ar Harvard ta Amurka, duk bayan shekara biyar kowane aji yakan fitar da littafi mai jan bango, inda ake neman kowane ɗan aji ya rubuta halin da yake ciki da bakinsa, a kuma jera sunayen waɗanda suka mutu. Ba kuɗinsu nake so mu kwaikwaya ba. Ƙa'idar ce abin ɗauka: daga jerin waɗanda aka ɗauka makaranta ake farawa, kowa yana da shafi, ko yana da abin alfahari ko ba shi da shi.

A namu yanayin, wannan yana nufin kowane aji ya naɗa wakili a kowane yanki, wanda aikinsa kira ne da ziyara, domin zumunci a ƙafa yake, kuma da yawa daga cikin waɗanda muke nema ba sa riƙe babbar waya. Yana nufin a raba zama ɗan ƙungiya da biyan kuɗi: wanda sunansa ke cikin rajistar makaranta ɗan ƙungiya ne, gudummawa kuwa kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, ba tare da an karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a bainar jama'a. Yana nufin a riƙa mayar da taro harabar makarantar, da rana, a kan tabarma, inda kowa ya taɓa zama ɗaya da kowa. Yana kuma nufin a buɗe kundi na mamata, a rubuta wa kowane ɗaya ko da layi biyar ne: inda ya yi aiki, abin da aka san shi da shi, da iyalin da ya bari. 'Ya'yan abokina ba su san mahaifinsu ya taɓa zama na ɗaya a lissafi ba sai da na gaya musu. Babbar 'yarsa ta tambaye ni, "Baba, da gaske?" Wannan ma gado ne, kuma mu kaɗai muke riƙe da shi.

Akwai kuma taimakon da ya fi kuɗi amfani, wanda a hannunmu yake. Kusan kowane aji yana da lauya da likita da ma'aikacin banki. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ko ya mutu ta dalilin aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki da ke ƙarƙashinta yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma magada suna iya karɓar abin da ke asusun fanshon mamaci idan suka kawo takardar izinin gado daga kotu. Matar da mijinta ya rasu a Ja'en ko Zawaciki ba ta san waɗannan ba, ba ta kuma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Wuni ɗaya na ɗan ajin mijinta lauya zai iya fin buhun shinkafar da za mu kai mata. Haka nan likitan cikinmu, da ya ga abokina tun ƙafafunsa suka fara kumbura, wataƙila da an tari ciwon da wuri. Rai na Allah ne, amma sababi namu ne.

Ina kira ga 'yan'uwanmu mata su ma su duba nasu ƙungiyoyin, domin tasu matsalar ta fi tamu. Aure yakan ɗauke mace daga unguwa, wani lokaci har da sunan da aka san ta da shi a makaranta, kuma da yawa daga cikinsu sun yi aiki a kamfanonin alewa da na roba da wuraren tsintar hatsi na waɗannan unguwanni.

Ranar da na je gaisuwa, bayan wata huɗu da kwanaki, matar marigayin ta yi mini magana daga bayan labule. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce, "Malam, ai yana yawan ambatonku. Duk ranar da ya ji ka a rediyo sai ya ce wa yara, ga abokina nan." Wato shi bai taɓa cire mu daga tasa rajistar ba. Yanzu ajinmu ne ke biyan kuɗin makarantar biyu daga cikin 'ya'yansa, kuma ba na ƙirga wannan a matsayin alheri, bashi ne da muka makara wajen biya.

Ga duk mai karatun da ke da hoton ajinsu a cikin akwati, ina roƙon ya ciro shi a wannan mako, ya ƙirga fuskokin da bai san inda suke ba, ya zaɓi guda ɗaya ya fara nema. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya abin da suka bari, mu kuma Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna tun muna iya haɗuwa.